Manyan Tayoyin Hamidou

Wasu daga cikinku sun rubuto min cewa na cika taurin kai, wai mace mai shekara ashirin da biyar ba ta gindaya wa saurayi sharaɗi. Na karanta, na gode. Sharaɗina ɗaya ne tak, kuma yau zan gaya muku yadda na karya shi da kaina, hannuna duk baƙin taya.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Nafissatou. A Damagaram aka haife ni, a Sabha na girma. Babana, Malam Djibo, malamin makaranta ne a gida. A nan kuwa mai faci ne, gomista kamar yadda Larabawan garin ke kiransa. Shagonmu yana unguwar Jadid, a bakin titin da 'yan aikin yini ke tsugunawa da safe da shebur da guduma suna jiran motar da za ta tsaya. Ɗakunanmu biyu suna bayan shagon. Abin da nake ba ku labari ya faru a 2009, lokacin da kowane allo a bakin titi ke ɗauke da taswirar Afirka, rediyo na ta cewa dukanmu uwa ɗaya ta haife mu. A shingen hanya dai, in soja ya leƙo mota, ban taɓa jin ya tambayi uwar kowa ba. Takarda yake tambaya.

Idon Baba ya fara dushewa tun ina da shekara goma sha tara. Hannunsa bai manta komai ba, amma ƙananan lambobin nan na jikin taya sun gagare shi, don haka na zama idonsa. Shi ya koya min karanta su, kamar yana gaban aji, har da “maimaita”. In kika ga 265/70 R16, lambar farko faɗin taya ce, ta biyu tsawon gefenta, ta ƙarshe girman ƙarfen da take hawa, wanda mu muke ce wa jant. Bayan la'asar kuma ina jawo kwalin littattafansa daga ƙarƙashin gado in karanta masa shafi goma. Yakan gyara min furuci, ya gyara wa marubucin tunani.

Hamidou direba ne, mutumin Tanut. Yana kwaso tumatir da albasa da kankana daga gonar Haj Hamed a Wadi Bawanis zuwa kasuwa, a farar Toyota mai buɗaɗɗen baya, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka. Zuwansa na farko ƙusa ce ta kawo shi. Zuwa na biyu ya kawo tayar da lafiyarta ƙalau, Baba ya tsoma ta a ruwa sau uku, ya ce, “Yaro, iska ba ta fita daga nan. Ka duba wani wurin.” Shekara biyu ke nan.

Sharaɗin kuwa ga shi. Innata Rakiatou ta rasu a hanyar kudu shekara goma da suka wuce, tsakanin Gatrun da Tumo, tana tafiya gida duba mahaifiyarta. Motarsu ta ɓata, sai bayan kwana tara aka same su. Ranar da Hamidou ya fara maganar aure na ce masa, “Wallahi ranar da ka hau hanyar nan da mota, ba zan aure ka ba.” Ya yi dariya ya ce shi da tumatir ne, tumatir ba ya zuwa Tumo. Ni ban yi dariya ba. Na rantse, kuma ya ji.

Sai Goggo Mamou ta shigo maganar. Yayar Baba ce, tana zaune a unguwar Sukra, gida mai tayil da labule mai hawa biyu, kuma tun rasuwar Inna ta ɗauki kanta uwata. Ta zo cikin shaddarta ruwan toka mai aikin wuya, tana ƙamshin humra, ta ƙi zama kan kujerar shago don kar baƙi ya taɓa ta.

“Ba a ba da 'yarmu ga wanda ba mu ga danginsa ba,” in ji ta. “Ya ce yana da baffa a Dirku. To, ya zo. In gan shi da idona a kan tabarma.”

Na ce, “Goggo, ai ana wakilci. Sai a kira shi a waya.”

“Waya? To a ɗaura a waya, ki tare a waya, ki haihu a waya.”

Na kalli Baba. Yana ta goga bawul da tsumma kamar ba 'yarsa ake magana a kai ba. A lokacin na ji haushinsa. Har yanzu da saura.

Bayan sati uku Hamidou ya fara zuwa zance a ƙafa. Mutumin da ko burodi zai saya sai ya tayar da mota. Ya zo ranar Juma'a cikin farar jallabiya, takalminsa duk ƙura. Ya sake zuwa Lahadi a ƙafa. Da ya tafi na tura masa saƙo a 'yar Nokiyata mai tocila.

“Ina motar?”

“Tana hutawa. Ni kike so ko mota?”

“Mota ba ta ɓoye min komai.”

Ya turo min alamar dariya, bai ƙara ko harafi ba. Ku da kuka taɓa son mai surutu kun san abin da gajeren saƙonsa ke nufi.

Ranar Talata ina gidan Goggo a Sukra, muna murza dubulan na sunan jikar maƙwabciyarta, hannuna duk kwaɓi, wayata ta yi ƙara. Baba ne, shi da ba ya kira sai dole.

“Zo ki karanta min lamba.”

“Baba, sai la'asar zan dawo.”

“Yanzu.”

Na wanke hannu, na zura baƙar abayata a kan atamfar aiki, na tari tasi. Tun daga kan kwana na hango farar Toyotar a ƙofar shago, kuma tun daga nan na ga ta ƙara tsawo. Hamidou yana tsaye a gefenta. Da ya gan ni sai ya cire hularsa ya mayar. Ya san ranar Talata ba na nan. Ya kuma san idon tsohon. Abin da ya manta shi ne hannunsa.

Baba yana tsugune, tafinsa a kan tayar gaba. “Karanta,” ya ce.

Na durƙusa. Sababbi ne fil, har da 'yan gashin roba. “Biyu takwas biyar, saba'in da biyar, sha shida.”

“Na da fa?”

“Biyu shida biyar, saba'in.”

“Madalla. Hamidou, gaya mata abin da ya kawo ka.”

Hamidou ya yi gyaran murya. Wai wata fitila ce ruwan ɗorawa take kunnawa a tablo, allon nan na gaban direba, mai kama da kofaton doki da ɗigo a tsakiya. Tana ƙyaftawa kamar minti ɗaya, sai ta tsaya cak a kunne. Na leƙa ciki. Ya manna mata baƙin salatif, gefe ɗaya ya ɗaye, hasken na leƙowa.

“Ka rufe mata baki ke nan,” na ce.

“Kowa haka yake yi, ranki ya daɗe. Amma Haj ya ce a duba, kar ya zama inji ne.” Sai ya gwada murmushin nan nasa. “Abin mamaki, in na kwana a gona sai ta mutu. In na kamo hanyar wurinki sai ta kama. Kin ga ko mota ta san zuciyata ba ta zaune.”

“Ina tsofaffin ƙafafun?”

“Haj ya sayar.”

“Ƙarya kake. Suna gona. Kusa da inda kake ajiye mota.”

Bari in yi muku bayani yadda na yi masa, don ni ba duba nake yi ba. Motocin nan na Amurka, a cikin kowace ƙafa, a gindin bawul, akwai wani ɗan abu kamar akwatin ashana, Larabawa na ce masa hassas. Shi ke auna iskar taya ya gaya wa mota. Hamidou ya sauya ƙafafun gaba ɗaya, jant da taya, sababbin kuwa ba su da komai a ciki. In ya yi nisa mota ta saurara ba ta ji kowa ba, sai ta kunna fitila. In ya koma gona ya tsaya kusa da tsofaffin, sai ta ji muryarsu ta kwantar da hankali. Tana can tana samun labarin tayoyin da ke jingine a rumbu, ita kuwa tana tafiya a kan wasu.

“To,” na ce, “fitila mun gama da ita. Saura tambayata. Tumatir ne ya yi nauyi, ko an kwashe kwaltar Wadi Bawanis?”

A bayan motar, ƙarƙashin tamfol, na ga bakin jarkoki. Na ɗaga. Takwas ne, da shebur, da faranti biyu na ƙarfe irin waɗanda ake shimfiɗa wa taya in ta nutse a rairayi.

“Nafi, tsaya ki ji.”

“Ina ji. Ai kunnena ba salatif.”

Ya faɗa, kansa a ƙasa. Ya aika wa Baffa Inoussa da maganar Goggo. Tsohon, mai shekara saba'in, bai tsaya shawara ba, ya bi motar wasu fataken dabino daga Dirku. Su iyakarsu Tumo, bakin iyaka. Can zai jira. Ba zai iya hawa saman manyan motocin nan da ake cika su da mutane kamar buhuna ba, kuma ba wayar da za a same shi a ce ya koma. Haj Hamed ya ba da mota da takardar izini, wani abokin aikinsa zai raka shi. Jibi Alhamis za su tashi.

“Ka taɓa bin hanyar?”

“Sau ɗaya. A saman mota, shekara bakwai da suka wuce, fuskata a naɗe.”

“Abokin naka fa?”

“Shi ta Gat ya shigo, bai taɓa bin wannan ba.” Ya zaro takarda daga aljihu da sauri, kamar ita za ta wanke shi. “Amma ga wannan. Barka ne ya faɗa min na rubuta, tsohon direban nan da ya karye a ƙafa. Shekara ashirin yana bin ta.”

Takardar kwalin shayi ce. A garin Tajarhi ka mayar da kontar, mai ƙirga kilomita, sifili. A sittin, duwatsu biyu baƙaƙe. A ɗari da sittin, jar ganga, ka karkata dama. Haka har Tumo, layi bakwai.

Ban karɓa ba. Na ce, “Ka tuna abin da na rantse?”

“Na tuna.”

“Shi ya sa ka zo ranar Talata.”

“Goggonki ta ce sai ya zo. Ke kin ce kar in je. Ni ɗaya ne, Nafi, ba biyu ba. Na ce in je in dawo, in kin ga tsohon a kan tabarma wataƙila ki huce.”

Na juya zan shige gida. Gaskiya a ran nan na gama da shi. Har na fara tsara yadda zan mayar masa da turaren da ya kawo min da sallah.

“Nafissatou,” in ji Baba. Ba ya kiran cikakken sunana sai a aji. “Karanta min takardar.”

Na karanta, murya a bushe. Da na zo kan jar ganga ya ɗaga hannu.

“Ɗauko alli. Tsawon tsohuwar taya daga ƙasa zuwa sama.”

Na yi lissafin a ƙasan siminti. Milimita ɗari bakwai da saba'in da bakwai.

“Sabuwar?”

Ɗari takwas da talatin da huɗu.

“Gaya masa ma'anarsa. Ni na gaji da koyarwa.”

Ban so ba, amma na faɗa. Kontar ba ya ganin hanya, juyin taya yake ƙirgawa. Babbar taya tana cin ƙasa fiye da ƙarama a juyi ɗaya, shi kuwa ba wanda ya gaya masa an sauya masa ƙafa. In ya nuna ɗari, ka yi ɗari da bakwai. In Hamidou ya jira ya ga ɗari da sittin kafin ya fara neman ganga, ya bar ta a baya da kusan kilomita goma sha biyu.

“Sha biyu ai ba nisa,” in ji Hamidou. “Sai in juyo.”

Baba ya yi wata 'yar dariya da ban so jinta ba. “Ka juyo ina? Kai a saninka ba ka iso ba tukuna. Gaba za ka ƙara. Ka ce bari in ƙara biyar, bari in ƙara goma. Sai ka ga sawun wata mota ka bi.” Ya miƙe da ƙyar, ya dafa bango. “Ku matsar min da tayoyin can.”

A ƙuryar shago akwai tarin tsofaffin tayoyi da ba a taɓawa. Hamidou ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. A bangon bayansu akwai rubutun alli, ya dushe amma yana karantuwa. Na taɓa hango shi ina yarinya, na ɗauka lissafin aiki ne. Lamba biyu a sama, 7.50 da 9.00, sai rabawa a ƙasa, an ja layi biyu a ƙarƙashin amsar.

“Motar da ta ɗauki uwarki,” in ji Baba, “nan ta zo kwana biyu kafin su tashi. Da ƙananan tayoyi, bakwai da rabi. Direban yaro ne kamar wannan, da takardarsa kamar wannan. Na ce matata ba za ta shiga rairayi a kan waɗannan ba, za su yi ta nutsewa. Na zaɓo masa masu lamba tara, manya, na ɗaura da hannuna. Har ya yi min godiya.” Ya shafa bangon, bai sami daidai wurin ba, hannunsa ya sauka a gefen rubutun. “An same su gaba da mararrabar rijiya. Ba wanda ya ce laifina ne. Direban bai rayu ba balle a tambaye shi. Wataƙila barci ya yi, wataƙila iska ta binne alamar. Ni dai bayan arba'in na ɗauki alli. Na koyar da rabawa shekara goma sha ɗaya, Nafissatou. Ban yi ta ranar da take da amfani ba.”

A waje wata mota ta tsaya, 'yan aikin yini suka ruga kanta, ta ɗauki biyu ta bar sauran.

Kun san abin da ya fi ci min rai? Shekara shida ina karanta masa lambobi, ina ɗauka don idonsa ne kawai. Kuma shekara goma ina tsoron hanya kamar wata dabba mai cin mutane, ban taɓa tambayar ta yaya take cin su ba. Rantsuwata ba ta hana Hamidou tafiya ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta sa ya ɓoye min, ya je wani wuri aka ɗaura masa tayoyi ba tare da an ce masa komai ba, ya rufe fitila da salatif. Da Baba bai kira ni ba, da jibi ya tafi da ɗari da sittin ɗinsa a aljihu, ni kuwa ina nan da rantsuwata cikakkiya ba ko tsaga.

Na share fuskata da gefen mayafi. Na ce wa Hamidou, “Gobe da sassafe ka kawo tsofaffin ƙafafun. Duka huɗu.”

“Kin yarda ke nan?”

“Na ce ka kawo ƙafafu.”

Laraba muka wuni a kai. Na sa tsohuwar rigar Baba a kan zanena, na ɗaure kai da ɗankwalin da ba na so. Baba da Hamidou suka sauke tayoyin daga jant, ni na kwance hassas huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, na sauya musu robar gindi, na ɗaura su a sababbin ƙafafun. Da yake nata ne na asali, motar ta san muryarsu, ba sai an kai ta wurin mai kwamfuta ba. Baba ya sa Hamidou ya murɗa sitiyari har ƙarshe, ya zura hannu ta bayan tayar gaba, ya ce tana gogar robar laka. Muka yanke wurin da wuƙa. Sai na leƙa ƙarƙashin motar.

“Hamidou, safayarka fa?”

“Tana nan, sabuwa ce ma.”

“Ƙarama ce. Huɗu manya, ta biyar ƙarama. In ɗaya ta fashe, da ɗingishi za ka ƙarasa?”

Baba ya ce, “Bar shi. Soyayya ce, ba ta ƙirga har biyar.” Ya aike shi ya nemo ta biyar daidai da sauran.

Muka ba kowace taya iska talatin da biyar saboda nauyin jarkoki. Na zauna a kujerar direba, na ɓare salatif ɗin na manna masa a bayan hannu. Na murɗa makulli ban tayar da inji ba, na laluba ƙarƙashin sitiyari na sami ɗan maɓallin, na danne shi har fitilar ta ƙyafta sau uku. Muka jira. Baba ya haɗa shayi a kan ɗan murhu, mai kumfa irin na mutanen garin, da gyaɗa a kofi na uku. Sannan Hamidou ya zaga da motar har hanyar filin jirgi ya dawo, rabin awa. Tablo duhu.

“A kwalta, in ta kama, ka tsaya ka duba, da gaske take,” na ce. “In kun shiga rairayi za ka rage iska zuwa sha takwas, za ta kama dole. Kar ka danna maɓallin, kar ka rufe ta. Ka bar ta ta yi ta kallonka. In kun dawo kwalta ka mayar da iska, za ta mutu da kanta.”

Baba ya ciro ma'aunin iskarsa na ƙarfe daga aljihun gaba, wanda ko ni ba ya bari in riƙe, ya miƙa masa. “Aro ne,” ya ce. “Ina son abina.”

Ni kuma na yago shafi daga littafin rubutuna na kwafe takardar Barka, layi bakwai, kowace lamba na raba ta. Sittin ta koma hamsin da shida. Ɗari da sittin ta koma ɗari da arba'in da tara. A gefe na rubuta, ka fara buɗe ido tun ɗari da arba'in, rairayi ma yana da nasa lissafin. Na karɓe ta kwalin shayin na jefa a murhu, don na san halin maza da tsohuwar takarda.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makulli a yatsa. “Rantsuwar fa, Nafi?”

“Ka kula da kontar.”

Sun tashi Alhamis bayan sallar asuba. Da azahar saƙonsa ya shigo. “Gatrun. Fitila shiru. Daga nan ba rezo, waya ba ta kamawa. Ki yafe min.” Na karanta ya fi sau ashirin. Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Na je na sami Baba.

“Wanda ya rantse da Allah, sannan ya ga barin rantsuwar ya fi, me zai yi?”

Bai ɗago ba. “Kin sani. Na koya miki.”

“Ina so in ji.”

“Ya ciyar da mabuƙata goma. In ba hali, azumi uku. Ke kina da hali, akwai shinkafa a buhu.”

Sai bayan la'asar na tura. “Gobe zan dafa shinkafar mutum goma.” Wayata tana nuna min in saƙo ya isa. Wannan bai isa ba. Ya riga ya shiga rairayi, amsata ta tsaya a Gatrun tana jiransa.

Ranar Juma'a na dafa shinkafa da miyar tumatir da naman rago, na zuba a faranti goma, na fita da su bakin titi wurin waɗanda mota ba ta ɗauka ba. Akwai 'yan Mali, akwai mutanen Tawa, akwai wani dogo da ko Hausa ba ya ji. Ɗaya ya ce, “Hajiya, sadakar me?” Na ce ya ci kawai ya yi wa matafiya addu'a. Ya ce ai su duka matafiya ne. Na ce to ya haɗa da kansa.

Goggo ta iso ana cikin ci, labari ya kai mata har Sukra. Ta ƙirga farantan da ido, ta kalle ni, ta gane.

“Au, har kin yanke? Ba ki jira an ga baffan ba?”

Kafin in buɗe baki Baba ya ce daga cikin shago, “Yaya, kin aika yaro cikin rairayi don ki ga tsoho a kan tabarma, ni kuma na yi shiru na bar ki. Mu biyun mu zauna mu yi addu'a, kar ɗayanmu ya ƙara magana.” Tun da nake ban taɓa ganin Goggo ta zauna a kujerar shagon nan ba sai ran nan, da shaddarta da komai.

Asabar ba labari. Na yi wanki wanda bai yi datti ba. Na duba wayar har batir ya mutu, na yi caji, na ci gaba da dubawa. Na sake yin lissafin sau huɗu ko na yi kuskure, har na fara zargin allin. Tsofaffin ƙafafun suna jingine a ƙuryar shago, daidai gaban rubutun Baba, ba hassas a cikinsu, ba abin da za su gaya wa kowa.

Lahadi, ana gab da kiran la'asar, Baba ya ce in ɗauko littafi tun lokaci bai yi ba, wai zaman shirun ya ishe shi. Ina tsakiyar shafi na uku, ban san me nake karantawa ba, shi ma bai gyara min komai ba, sai wayar ta yi ƙara sau ɗaya a cinyata. Ba saƙo ba ne. 'Yar sanarwar nan ce, kalma biyu, cewa saƙona na ranar Alhamis ya isa.

“Mene ne?” in ji Baba.

“Ya shigo Gatrun.”

Ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar, duk da ba abin da suke ƙara masa. Wayar ta sake ƙara.

“Ganga tana 149, har na sauka na taɓa ta. Baffa lafiya, sai mita, ya ce a nuna masa malamar da ta rubuta takarda. Shinkafar nan, an rage min?”

Na karanta wa Baba. Ya juya fuskarsa wajen ƙuryar shago. Sannan ya ce, “Gaya masa ba a rage wa ango kaffara. Kuma ya mayar da iska talatin da biyar kafin ya hau kwalta, ya dawo min da ma'aunina.”

Na rubuta masa haka, ban sauya ko kalma ba. Sannan na kira Goggo na ce ta shimfiɗa tabarmarta.